Yadda Surukuta Ta Zaɓa Mana Turke

Ni mutumin tudu ne. A Kano aka haife ni, kuma har na bar gida ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na kududdufin bayan unguwarmu ba. Sai dai Allah ya yi ni da son sanin yadda abu yake aiki. Ina yaro na kwance rediyon gidanmu don in ga inda masu maganar suke zama, na sha duka, ban daddara ba. Wannan halin ne ya sa a shekarun dubu biyu da 'yan kai, bayan na gama karatu na samu aiki a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, na wayi gari ina da rabin jirgin ruwa.

Ɗaya rabin na abokina ne, wani bakanike mutumin Maraɗi da ke zaune a Pleasant Garden, inda filin gida ya fi gidan girma. Tsohon jirgi ne na alminiyam, tsawonsa bai fi na motar haya da ɗan ƙari ba. Shi injin ne ya ja hankalinsa, ni kuma kifin. Ya gyara injin har yana tashi da bugu ɗaya, ya shiga ruwa sau ɗaya, ya yi amai kamar zai fitar da hanjinsa, ya rantse shi da tafki sai dai a hoto. Tun daga nan jirgin yake kwana a filinsa, ni nake ɗauka in kai ruwa ranar da ba na aiki. Ban ƙware ba. Na fi iya karanta labarin kamun kifi fiye da kama shi.

Ana cikin haka surukina ya zo mana, a lokacin da ƙurar furen itatuwa take rufe motocin garin da launin ɗorawa. Mutumin Yauri ne, Basarke, masunci ɗan masunta, kuma matata ce autarsa. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a tafin ƙafa, an yi maganin gida an gaji. Likitocin nan suka ce ƙafar za ta warke, amma a hankali, sai an yi watanni ana wanki ana ɗauri, mai yiwuwa har ƙarshen shekara. Suka kuma faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa in aka bar aikin a tsakiya, ƙafar yankewa za a yi.

Tsakanina da shi akwai surukuta irin ta da, wadda ba a sassauta mata ba. Ba ma cin abinci wuri ɗaya. In zan gaishe shi sai na durƙusa daga bakin ƙofa, idona a ƙasa. Bai taɓa kiran sunana ba, “maigida” yake cewa, kuma shi ma ɗin 'yarsa yake faɗa wa ko da ina tsaye a wurin. A Yauri abin da sauƙi, gida babba ne, ka yi gaisuwa a zaure ka kama gabanka. A nan unguwar Glenwood kuwa gidanmu ɗaki biyu ne, falo ɗaya, banɗaki ɗaya. Sai da muka koyi sauraron takun juna. In na ji ƙarar sandarsa a lungu sai in faɗa kicin in buɗe firij kamar ina neman wani abu. Babu abin da ke cikin firij ɗin nan da ban haddace ba. Matata ta ce mun mai da ita 'yar aike a cikin gidanta.

Da farko ya yi haƙuri. Yakan zauna a gefen taga, ƙafar a kan matashi, yana kallon ɗalibai suna wucewa a kan kekuna da jakunkuna a baya. Daga baya maganarsa ta ragu, cin abincinsa ya ragu. Wata rana da suka dawo daga asibiti na ji shi ta bango yana ce wa matata, “A yi mani tikiti. Zaman wanga ba na ɗan Adam ba ne.” Ta yi masa bayanin likita daga farko har ƙarshe. Ya ce, “In ƙafar mai tahiya ce, ta tahi a gida.”

Ta same ni a kicin, idonta ya yi ja.

“Ka kai shi ruwa,” ta ce. “Na tambayi dokta, ya ce babu laifi in dai ƙafar ba ta jiƙe ba, kuma bai tsaya a kanta ba. Mutumin nan tun da aka haife shi bai taɓa yin wata guda bai taɓa kifi mai rai ba.”

“To ki zo mu tafi tare mana, ki zauna a tsakaninmu.”

“Ni? A cikin wancan gwangwanin naku?”

'Yar masunta ce, amma ko gada muka hau a mota sai ta runtse ido. Saboda haka aka bar ni da surukina da jirgi, kuma na ƙudurta cewa in dai zan kai shi, ba zan kai shi kamun 'yan ƙananan kifayen bakin gaɓa ba. Babban tafkin da ke kan iyakar Virginia za mu, wurin kifin nan mai ratsi-ratsi da mutanen nan suke ce wa sitiraifa.

Kamun kifin da ake yi a irin wannan ruwa ba na zama wuri ɗaya ba ne. Jirgi yana tafiya a hankali yana jan zaruruwa a bayansa, kowane da ɗan kifi a ƙugiya. Matsalar ita ce sitiraifa yana gudun ƙarar inji da inuwar jirgi, yana kaucewa gefe. Don haka aka ƙirƙiro allo. Ɗan katako ne ko roba da aka yanke hancinsa a karkace, in an ja shi sai ruwa ya tura shi gefe, ya ɗauki ƙugiyar ya kai ta can nesa da jirgi inda kifin ya gudu. Ranar da na fara ganin wannan abu a ruwa na bar bakina a buɗe. Ka ja abu gaba, shi kuma ya nufi gefe, ba inji ba komai.

Allunan iri biyu ne, kuma a nan na maƙale. Akwai ƙanana, kamar tafin hannu biyu, da ake maƙala su a kan zaren fatsar kansa. In kifi ya kama za ka ga allon ya ja da baya, sai ka naɗo zare har allon ya iso jirgi, wani ya cire maka shi, sannan ka ci gaba da kokawa da kifinka. Akwai kuma manya. Su ana kafa doguwar sanda ta ƙarfe a gaban jirgi, igiya mai kauri ta fita dama wata ta fita hagu, kowace da babban allo a ƙarshenta. Zaren fatsa ana maƙala shi ne a jikin igiyar da ɗan kilif, irin na shanya. Kifi na fizga kilif ɗin ya saki, zare ya kuɓuta, daga kai sai kifin. Ni da abokina muka sa wa sandar suna turke, don allunan suna ɗaure a jikinta kamar awaki.

Na shiga bincike kamar zan sake rubuta digiri. Bayan an tashi daga aiki nakan tsaya a laburare in karanta gardamar masunta a intanet. Mutanen manyan tafkunan arewa suna cewa in iska ta tashi ƙaramin allo nutsewa yake yi, turke ne kawai magani. Mutanen nan kudu suna cewa turke wahala ce da fankama. Na je shagon kayan su, wurin wani tsohon Bature mai jan wuya da ya san ni da yawan tambaya. Ya ce jirgina ƙarami ne, turke zai nauyaya masa gaba, juyawa za ta zama aiki, kuma ƙananan alluna ana zuba su a jaka a tafi. Ya nuna mini yadda ake cire allon. Mai cirewa shi ne kwamanda, zai daka wa mai riƙe da sandar fatsa tsawa ya tsaya, ya ɗaga sanda, ya ja da baya, sannan ya cafke zaren ya ɓalle allon ya ce masa ya ci gaba. Har da kwaikwayon tsawar ya yi mini a tsakiyar shago, na yi ta dariya. Na sayi ƙananan.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Matata ta naɗe ƙafar da leda, ta ɗaure, ta sake naɗewa. A mota ya zauna a baya, ni ina tuƙi, rediyo a kashe. Da muka sauke jirgi a ruwa na zaunar da shi a kujerar baya kusa da sandunan fatsa, ƙafar a kan akwatin ƙanƙara. Abin da ya fara yi shi ne ya sa hannu a ruwan, ya ɗebo, ya sunsuna. Tafkin ya buɗe a gabanmu, ɗaya gaɓar ta zama wani siririn layi shuɗi. Na saki alluna biyu dama, biyu hagu, suka fita suka jeru. Ya bi su da kallo, ya ce, ba da ni ba, da tafkin, “Ikon Allah. Itace shina tahiya a gicciye.”

Hantsi ya ɗaga sai allon hagu na waje ya ja da baya ya dulmiya kai. Ya riga ni gani. Ya zare sandar ya fara naɗi, kafaɗunsa suka miƙe. Allon yana matsowa, na bar sitiyari na taso, na buɗe baki in ce “tsaya”. A nan na gane abin da duk karatuna bai gaya mini ba. Ta yaya mutum zai dubi surukinsa ya ce masa tsaya? Kalmar ta ƙi fita. Sai na ji kaina, a rabin durƙuso, jirgi yana lilo da ni, ina cewa, “Baba, Allah ya ƙara lafiya, da ma dai in ba damuwa, an ce wai idan allon ya ɗan matso, da za ku ɗan…” Ban kai ga ƙarshen jimlar ba allon ya daki kan sandar, zare ya tsinke. Kifin ya tafi da ƙugiya, allon ya kama yawo a kan ruwa, muka juya jirgi muna binsa.

“Ba rabonmu ba ne,” ya ce wa tafkin.

Karo na biyu da kifi ya kama na yanke shawarar ba zan yi magana ba, hannu kawai zan miƙa. Amma shi ba ya iya tashi balle ya ja da baya, don haka kafin in kai ga allon sai na ranƙwafa ta kan gwiwoyinsa, ƙirjina a gaban fuskarsa, numfashina a gemunsa. Na taho, na tsaya cak saura taku ɗaya. Ya lura. Don ya raba ni da kunya sai ya sauke sandar, ya miƙa hannun hagu zai cire allon da kansa. Zare ya yi sako-sako, kifin ya tofar da ƙugiya. Da azahar muka ci abincin da matata ta ɗaure mana, shi yana fuskantar baya, ni ina fuskantar gaba, a jirgin da in ɗayanmu ya yi atishawa ɗayan zai ji a ƙeyarsa. Wasu Turawa da suka wuce mu suka rage gudu suna tambaya ko lafiya.

A gida matata ta tare shi da murna tana tambayar yadda aka yi. Ina kicin ina ji.

“Katako na ja yau,” ya ce. “Tsakanin hannuna da kihin akwai itace, ko motsinai ban ji ba. Ki yi ma maigida sannu da wahala. Maganar tikiti fa?”

Ta ce za ta kira mai sayar da tikitin. Ya ce ya ba ta zuwa ƙarshen wata. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, kuma tsoro ya kama ni, don na san ba mutum ne mai maimaita magana sau uku ba.

Da na mayar da jirgi Pleasant Garden na ba abokina labari. Yana ƙarƙashin wata mota ya fara dariya, sai da ya gangaro waje ya zauna a ƙasa yana share hawaye da hannu mai baƙin mai.

“Bon,” ya ce, da Faransancin mutanen Maraɗi. “Kai ka tahi karatun iska da girman jirgi, ka mance da wanda za shi zauna cikin jirgin. Ƙananan allunan nan na abokai ne, masu iya zagin juna. Kai da surukinka turke ya kamace ku. Kihi ya kama, ƙas, kilif ya saki, tsoho ya ɗauki sandatai, kai kana can kana tuƙinka. Babu wanda za shi ce ma wani tsaya. Ina pirobilem?”

Na ce mai shago ya ce jirgin ya yi ƙanƙanta.

“Mai shago yana da suruki Bahaushe?”

Ba mu sayi turken shago ba, abokina ya ce shi zai haɗa. Ya samo bututun ƙarfe ya yi masa walda a gindi, ya ɗaura masa ƙafafun naɗi guda biyu da ya ciro daga abin shanyar tufafi. Allunan muka yanka daga ragowar katakon shingensa, kowane gefe falle biyu a haɗe, muka shafa musu jan fenti. Kilif kaɗai na koma na saya, mai shago yana girgiza kai yana cewa shi dai ya faɗa.

Matata ce ta ce mu riƙa tafiya da Baba wurin aikin, ya sha iska. Sai ga wani abu da ban zata ba. Abokina ba surukinsa ba ne, ga shi harshensu kusan ɗaya, sai bakin tsoho ya buɗe. Yana zaune a inuwar bishiya, ƙafa a kan tayar mota, yana juya allo a hannu yana tambaya.

“Wa ya gaya ma itacen shi yi dama, ba hagu ba?”

Abokina ya nuna masa yankan hancin. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya karkata shi a iska, ya gyaɗa kai. Ya tambayi dalilin falle biyu, aka ce don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Ya tambayi zare nawa igiya ɗaya take ɗauka. Ya ce to ai wannan mamari ne, irin doguwar igiyarsu mai ƙugiyoyi da yawa, sai dai nasu a kwance yake kwana, wannan kuwa tafiya yake yi. Ni ina bayan jirgi ina goge katako, kunnena a can. A 'yan kwanakin nan na ji labarinsa fiye da abin da na ji tun da na auri 'yarsa. Na ji yadda giwan ruwa ya taɓa jan kwalekwalensa har ƙauyen gaba, da yadda ruwan dam ya cinye garin da aka haife shi.

Wata rana abokina, da shegantakarsa, ya ɗaga murya yadda zan ji ya ce, “Baba, can gida mutum da surukinai suna shiga jirgi guda?”

“Ba a yi,” ya ce. “Kowa da jirginai.”

Wannan amsar ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Na ɗauka ni kaɗai ne ban san yadda ake yi ba. Ashe shi ma, da duk shekarunsa a kan ruwa, bai taɓa gadon wata ƙa'ida ta zama da mijin 'yarsa a jirgi ɗaya ba.

Kafin in sake ɗaukarsa na je na gwada turken ni kaɗai, kuma mai shago bai yi ƙarya ba. Gaban jirgin ya yi nauyi. Juyawar farko na yi ta kamar ina juya mota, allon ciki ya tsaya ya kife, na waje ya zabura, zaruruwa suka sarƙe har sai da na sa wuƙa. Na koyi cewa da turke ba a juyawa, sai dai a yi ta karkata a hankali har ka ga ka fuskanci inda ka fito. Kuma duk aikin a kaina yake, in saki igiya, in maƙala zare, in koma sitiyari da gudu. Na dawo gida bayana yana ciwo, wata kuma ya kusa ƙarewa.

Ranar da muka koma tare iska ta tashi tun da safe, ruwan ya yi tudu-tudu yana marin jirgi. Da ƙananan alluna ne da mun koma gida. Manyan kuwa suka hau igiyar ruwa suna sauka, jajaye, can nesa dama da hagu, igiya tana kuka a iska. Na maƙala zaruruwa, na zura su, na jera sandunan inda hannunsa zai kai, na koma mazaunina. Daga nan ba ni da abin cewa, shi ma ba shi da abin tambaya. Muka yi ta tafiya. Rana ta yi sama, babu ko taɓi. Na fara tunanin ko zafi ya riga ya kora kifin ƙasa, kamar yadda na karanta yana yi. Na fara shirya yadda zan dubi matata.

Sai na ji ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, amma kafin in waiga sandar tana hannunsa, ta lanƙwashe har kanta yana neman ruwa. Zare yana fita da gudu. Bai yi gaggawa ba. Ya bar kifin ya ja, ya ɗora yatsa a kan zaren yana saurarensa, sannan ya fara karɓowa kaɗan-kaɗan. In kifin ya nutsa ya sassauta, in ya huta ya naɗo. Ni ƙeyarsa kawai nake gani da kafaɗunsa, amma na ji yana magana ƙasa-ƙasa, yana lallashin kifin, yana zolayarsa, har ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji a gidana ba. Na riƙe sitiyari na miƙe jirgi, ina jin daɗi har cikin ƙashina. Ga shi da kifinsa, babu itace a tsakani, babu ni.

Kifin ya taso gefen jirgi, fari mai baƙin ratsi, tsawonsa ya kai hannuna. A nan ne na ga ramin da ni da abokina ba mu hango ba. Turke ya raba mu da cire allo, amma bai raba mu da koma ba, ragar nan ta ɗebo kifi. Dole wani ya sa koma ya ɗebo kifin, kuma shi ba zai iya sunkuyawa ba saboda ƙafar. Na ɗauki komar na taho, na sake tsayawa a wannan taku ɗayan da ya saura, daidai inda na tsaya wancan karon. Kifin yana bugun jikin jirgi, ina ganin ƙugiyar a gefen leɓensa, saura ƙiris ta fita. Bakina ya fara haɗa “Allah ya ƙara lafiya”.

Bai waigo ba. Ya ce, “Matso, ɗana. Ta wajen kai za ka sa ta.”

Na matso. Kafaɗata ta dafe tasa, gwiwata a jikin kujerarsa, ya karkato da sandar ya jawo kifin cikin komar, na ɗaga da hannu biyu. Muka zube shi a tsakiyar jirgi yana ta tsalle, ni ina kare ledar ƙafar da jikina kada ruwa ya taɓa ta. 

Ya sa yatsa a kumatun kifin ya ɗaga shi, ya duba ratsin, ya buɗe bakin, ya latsa cikin. Sannan ya yi tambaya, kuma ni ya tambaya, ba tafkin ba.

“Wanga babba ne cikinsu?”

“A'a Baba, matsakaici ne. An ce manyan yanzu sun yi ƙasa saboda zafi. Ba sa tasowa sai sanyi ya shigo, ganye ya zube.”

“Yaushe ke nan?”

“Wajen ƙarshen shekara, Baba.”

Ya dubi jan allon da ke hawa da sauka a hagu. Ya san abin da likita ya ce game da ƙarshen shekara, ni ma na sani, babu wanda ya ambata. Ya ce in sake maƙala zaren, na maƙala. Ba mu ƙara kama komai ba ranar, kuma da lokacin cin abinci ya yi kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya kamar yadda aka saba.

Da muka isa gida matata ta fara duba ledar, ta ga a bushe take, sannan ta karɓi kifin a faranti. Na tsaya daga bakin ƙofar falo ina jira ya zauna in wuce. Ya zauna, ya ɗora ƙafar a kan matashi, ya jingine sandarsa. Ya dubi 'yarsa, kamar ba na wurin.

“Ki ce ma maigida,” ya ce, “shi nemo mani rigar sanyi mai kauri, irin wadda masunta ka sawa cikin jirgi.”

Ta tsaya da farantin a hannu. Muna tsakiyar zafi, fanka tana juyawa a kanmu. Ta ce, “To, Baba,” ta juya ta shige kicin da sauri. Na bi ta na karɓi farantin kafin ya suɓuce mata, ta dafa bakin firij tana kuka ba sauti, ni ma idona ya cika. Daga falo muka ji ya ɗaga murya yana cewa a bar masa kan kifin, shi zai gyara da hannunsa.